Takardar da Na Yaba, Ki Yaga Ta

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Aziziyya, Jidda
Talata, bayan la'asar

Zuwa ga 'yata Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah Ya sa wannan wasiƙa ta same ki kin sauka Kano lafiya, kin huce gajiyar jirgi, Gwaggonki ta gama kukan murna ta bar ki kin ci abinci. Allah Ya tsare ki a hanya da masauki, Ya haɗa ki da mutanen kirki a wurin aikinki, Ya kare ki daga sharrin wanda kika sani da wanda ba ki sani ba.

Da a son raina ne, da sai na cika shafin nan da gaisuwa kafin in zo ga magana. Yau ba zan yi haka ba. A cikin jakarki ta hannu akwai takarda mai shafi biyu da kika rubuta a kan gudawar yara, wadda za ki miƙa wa shugabar sashenku ranar Litinin a matsayin aikinki na farko. Kada ki miƙa ta. Ki yaga ta, ki sake wata. Na ce miki ta yi kyau, kuma ƙarya na yi.

Na san za ki ce me ya sami Baba. Ƙyashi ne ya same ni, Ummi, ƙyashinki nake yi, kuma ciwon ya girme ki a jikina. Zan ba ki labarinsa daga tushe, don ki san cewa laifin ba a rubutunki yake ba.

Lokacin da na zo Jidda da kwantiragin koyarwa kina goye a bayan Mamanki. Na zo da digiri biyu da akwati guda na littattafai, ina ji a raina babu wanda ya kai ni iya jera Hausa a duk gaɓar tekun nan. Ban yi wata uku ba dattawanmu na unguwar Hindawiyya suka naɗa ni magatakardan jama'a. Al'adarmu a lokacin ita ce, in akwai sanarwa, a karanta ta a ƙofar masallacin unguwa bayan la'asar ɗin Juma'a, sannan a raba kwafi a kai gidaje saboda mata. Kuma ba a fara sanarwa sai an gaida dattawa ɗaya bayan ɗaya, kowa da sunansa da na garinsu, bisa jerin wanda ya riga zuwa ƙasa mai tsarki. In ka tsallake mutum ɗaya, sai ka yi wata kana ban haƙuri. Ni kuwa na ƙware a wannan. Na ƙara musu kirari, na ƙara Larabci, na ƙara addu'a. Dattawan sahun gaba suna gyaɗa kai suna cewa Malam ya iya Hausa. Abin da ban lura da shi ba shi ne, kafin in iso ga abin da ya tara mu, rabin jama'a sun sunkuya suna neman takalmansu.

A wurin takalman nan ne Bakur yake tsayawa. Kin san shi, Baba Bakur mai gyaran mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, wanda yake kawo miki dabino in ya dawo daga Madina. A nan aka haife shi, kakansa ne ya zo da ƙafa ta Sudan. Bai iya karanta Hausar boko ba, Hausarsa ma rabi Larabci ce. Amma da na rufe baki sai ya ɗaga murya ya ce, "Jama'a, ustaz ya ce duk wanda iƙamarsa, takardar zama a ƙasa, ta kusa ƙarewa ya zo gidan shugaba ranar Asabar da safe, ya taho da fasfo." Shi ke nan. Mutane su ce to, su watse. Abin da na kwana biyu ina sassaƙawa, ya naɗe shi a numfashi ɗaya.

Wata rana ya same ni ina naɗe takardata, ya ce, "Ya ustaz, maganarka zuma ce wallahi. Amma mutanen nan abu biyu suke jira, ina ne, yaushe ne. Ka ba su, halas, shi ke nan."

Na ce, "Bakur, kai ka san mukayyif, ni na san alƙalami. Kowa ya tsaya a nasa."

Ya yi dariya ya ce, "Ɗayyib. Amma ni in na gyara mukayyif bai yi sanyi ba, ba na cewa mai ɗakin ne bai iya jin sanyi ba."

Na tafi gida maganar tana cina. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda nake jin mutane a hanya suna tambayar juna, "Me Bakur ya ce?" Ba wanda yake cewa me Malam ya ce. Har wata mata ta ce wa Mamanki a wurin suna, "Ki gaida Malam, mun ji saƙonsa a bakin Bakur." Mamanki ta kawo mini gaisuwar da zuciya ɗaya, ni kuwa ranar ban ci tuwon kirki ba. Ina da shaidar karatu a bango, shi yana da sukundireba a aljihu, amma shi ake saurare. Ban taɓa zama na tambayi kaina me yake yi da ba na yi ba. Tambayar da na riƙa yi ita ce yaya zan yi in raba shi da sanarwata.

Na sami hanya, kuma wata baiwar Allah ce ta ɗauki nauyin abin. Wasu likitocin ido 'yan ƙasarmu da suke aiki a nan suka ware yini guda za su duba tsofaffi kyauta, su rubuta sunayen masu yanar ido don a nema musu aikin ido. Da farko an ce a Hindawiyya za a yi, kowa ya ji haka. Ana saura kwana huɗu aka mayar da abin unguwar Kurayyat. Bakur ya zo ya ce, "Ba ni in zaga gidaje in faɗa da baki, tsofaffin nan ba sa zuwa masallacin Juma'a duka." Na ce masa ya bari, an riga an tsara. Sai na rubuta sanarwa, na raba ta gida gida ranar Alhamis, na ƙi karanta ta a masallaci, don kawai kada ta bi ta bakinsa. Sakin layi na farko gaisuwa ce. Na biyu yabon likitoci. Na uku falalar gani da ni'imar ido. A na huɗu na rubuta cewa, sakamakon wasu dalilai da suka sha ƙarfin kwamiti, an ga dacewar sauya mahallin gudanarwa. Har yau ina iya kawo jimlar da ka, don na yi alfahari da ita.

Hajiya Dije, wata tsohuwa mai sayar da dambu a Hindawiyya, ta ba surukarta takardar ta karanta mata. Surukar haihuwar nan ce, tana jin Hausa amma boko sai da ƙyar, harafi harafi. Ta yi ta fama har ta kai yabon likitoci, ta ga ranar, ta ce, "Ai abin da muka sani ne, Hajiya," ta ajiye. Ranar Asabar Hajiya Dije da wasu tsofaffi huɗu suka zauna a gaban ƙofa a kulle tun hantsi har aka kira azahar, a cikin zafin Jidda da kika sani. Kafin wani ya gan su ya gaya musu, likitoci sun tashi. Sai da ta ƙara shekara da watanni tana lalube, ta daina sana'arta, kafin aka samo mata wata hanya.

Na je ba ta haƙuri. Na shirya za ta yi mini faɗa, ina ma fatan ta yi. Sai ta ce, "Haba Malam, ai takardar ta yi kyau, na ma ajiye ta a ƙarƙashin katifa. Mu ne dai ba mu da karatu."

Ummi, ki riƙe wannan fiye da komai a wasiƙar nan. Idan kika rubuta abin da mutane ba su gane ba, ba za su zo su gaya miki ba. Kansu za su zarga. Za su ninke takardarki da girmamawa su ajiye, su ci gaba da yin abin da suka saba, ke kuma ki zauna a ofis kina zaton kin isar da saƙo. Don haka abin da kike so a yi, ki sa shi a layin farko. In wani abu ya canza, wuri ko rana ko yadda ake shan magani, to shi ne zai fara fitowa, kafin komai. Sallama layi ɗaya ta isa, babu dattijon da zai mutu don ba a ambaci garinsu ba. Kuma ki tuna sau da yawa mai karanta takardarki ba don kansa yake karantawa ba. Wata ce aka miƙa wa, tana tsaye, tukunya na kan wuta, tana karanta wa wadda ba ta iya ba. Duk inda ta gaji, nan takardarki ta ƙare.

Za ki zaci abin da ya sami Hajiya Dije ya gyara ni. Ya gyara ni na kamar wata biyu. Na gajarta sanarwa, na daina kirari. Sai wani dattijo ya ce, "Malam, kwanan nan ba ka ba mu Hausar nan taka mai daɗi," sai na koma gidan jiya da gudu. Gaskiyar ita ce, in na rubuta a sauƙaƙe, ba wanda yake ganina a cikin takardar. Mutane su karanta, su yi abin da aka ce, su manta da wanda ya rubuta. Ni kuwa so nake a gan ni. Wannan shi ne farashin aikin da kika zaɓa, gara ki san shi tun yanzu: ranar da kika fi iyawa, ranar ce ba wanda zai ce kin iya.

Har aji na kai wannan hali, kuma shi ya fi ba ni kunya, don ina son ɗalibaina, Allah Ya sani. Yaran Asabar da nake koya wa karatun Hausa, waɗanda iyayensu suke kawowa don kada harshen ya ɓace musu, in ɗaya ya rubuta "a daina," sai in ja layi in sa "a ƙaurace wa." In ya rubuta "wuri," in mayar da shi "mahalli." In ya ce "ciwon suga," in ce ai wannan maganar titi ce. Na yi shekaru ina koya wa yara cewa kalmar da uwarsu take faɗa ba ta isa ta hau takarda ba. Ke ma a wannan ajin kika tashi, ban san yadda aka yi kika tsira ba. Shawarata a nan gajera ce. Kalmar da mutane suke kiran abu da ita, da ita za ki kira shi. In dole ne ki kawo kalmar likita, ki kawo ta sau ɗaya, ki faɗi abin da take nufi, ki wuce. Sauƙaƙa magana girmama mai karatu ne, don kin san yana da abin yi, ba ki tsare shi yana kallon gwanintarki ba.

Sai kuma ke. Bayan kin gama karatu kin dawo gida kina jiran aiki, kin tuna ruwan saman da aka yi cikin sanyin bana, da zazzaɓin dengi da ya biyo baya. Yanzu ba a tsayawa a ƙofar masallaci kamar da, ta waya ake tura sanarwa a zauren jama'a. Na rubuta shafi ɗaya da rabi, na makara zuwa makaranta, na ce ki buga ki tura da sunana. Da na duba waya a lokacin hutu, ga abin da na gani:

"Salamu alaikum. Zazzaɓin dengi ya shigo unguwa. Sauro ne yake kawo shi, kuma a ruwan da ya kwanta yake haihuwa. Yau ki duba bokitin da ke ƙarƙashin mukayyif ki zubar da ruwan. Ki rufe duro da tanki. Wanda ya yi zazzaɓi mai zafi da ciwon gaɓoɓi a kai shi asibiti, kada a tsaya jiƙe-jiƙe a gida."

A ƙasa kika rubuto mini ni kaɗai, "Baba na ɗan rage." Na karanta sau uku a ɗakin malamai. Ni "ɗaukacin al'umma" na kira a tawa. Ke kika ce "ki," don kin san mata ne suke zubar da bokitin nan, kin ga Mamanki tana yi kullum. Shekara ashirin da ɗoriya ina rubuta wa mutanen nan, ban taɓa tunanin wane hannu ne zai yi aikin ba. Ke kika gani a zama ɗaya, kina shan shayi. Uba na gari da ya ji daɗi. Ni abin da na ji shi ne irin abin da nake ji in Bakur ya ɗaga murya a wurin takalma, sai dai wannan ya fi zafi, don a gidana kike, kuma ni na koya miki baƙi da wasali.

Ranar Juma'a shugaban jama'a ya riƙe hannuna a gaban mutane ya ce, "Malam, wannan karon ka sauko inda muke. Har iyalina sun gane." Na ce alhamdu lillahi. Ban ce ke ce ba. Na dawo gida kika tarye ni da fara'a kina jiran ki ji me aka ce, sai na ce miki, "Wancan abin da kika tura ba rubutu ba ne, kiran mai talla ne. Kada ki sake taɓa mini sanarwa." Kika ce, "To Baba, zan gyara." Kika shiga ɗaki.

Mamanki tana tsaye a ƙofar kicin da ludayi a hannu. Ta bari kin rufe ƙofa, sannan ta ce, "Malam, ka sha yabo a masallaci da gumin yarinya, ka dawo ka hana ta ko na gode. Wannan a wane littafin ka karanto shi?" Na ce ba ta san harkar rubutu ba. Ta ce, "Ban sani ba. Amma na zubar da bokitin."

Daga nan na zuba ido ina kallon ki kina gyarawa, kamar yadda kika yi alkawari. Kika ɗauko tsofaffin sanarwoyina daga kabad kina karantawa. Na ji kin fara cewa "bisa la'akari da" a teburin cin abinci. Da aka kira ki aikin nan na wayar da kan jama'a kan lafiya, aka ce ki taho da gwajin takarda ga iyaye mata a kan gudawar yara, kika yi sati kina rubutawa, kika kawo mini da hannu biyu. Layin farko ya ce, kasancewar lafiyar ƙananan yara ginshiƙi ce ga ɗorewar kowace al'umma. Na karanta har ƙarshe ina neman inda uwa za ta ga abin da za ta fara yi wa ɗanta, da alamar da za ta sa ta ruga asibiti. Suna nan, a tsakiyar shafi na biyu, daidai inda na binne Kurayyat.

Na ɗago kai na ce, "Yanzu kika zama marubuciya." Kika yi murmushin da ban gani ba tun ranar Juma'ar nan. Ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba: daɗi na ji. Wani sanyi ya sauka a ƙirjina, don kin dawo daidai da ni, ba ki fi ni ba kuma. Na kwana da wannan sanyin kwana biyu. A rana ta uku ina cikin aji sai na tuna Hajiya Dije a gaban ƙofar nan, na ga wata mata a wani ƙauye da ban sani ba, ɗanta yana kwance a cinyarta, maƙwabciya tana karanta mata ginshiƙin ɗorewar al'umma. Na kasa ƙarasa darasin.

Sau biyu na yi niyyar gaya miki baki da baki. Na farko na fara da tarihin zuwana Jidda, kafin in kai ko'ina Mamanki ta kira ki ku auna jaka. Na biyu na fara da falalar gaskiya, sai baƙi masu sallama suka shigo. Kin ga halin bai bar ni ba. Shi ya sa na zauna na rubuta, na kuma tilasta wa kaina sa maganar a sama.

Abu ɗaya dai na iya yi. Juma'ar da ta wuce, bayan la'asar, na roƙi jama'a su dakata kafin su tashi. Na ce, "Sanarwar dengi da kuka yaba, 'yata Ummi ce ta rubuta. Ni na karɓi yabon, ban faɗa ba." Wannan ce sanarwa mafi gajarta da na taɓa yi. Sai Bakur, gemunsa duk ya yi fari yanzu, ya ce daga baya, "Mun sani, ya ustaz. Tun ranar."

Na ce, "Wa ya gaya muku?"

Ya ce, "Ba kowa. Matata ta karanta, ta tashi ta zubar da ruwa kafin shayinta ya huce. Muka kalli juna muka ce, la, wannan ba ustaz ba ne."

Mutane suka yi dariya, ni ma na yi, ko da yake ta yi mini ɗaci. Na ce, "To me ya hana ka faɗa?"

Ya ce, "Jira muke ka faɗa da bakinka. Wata huɗu, wallahi ka daɗe. Yalla, zo mu sha shayi." Ya ce in gaya miki in kin tashi rubuta wa mutanen Kano, ki tuna ba su san mukayyif ba.

Gaskiya ya faɗa, kuma ki ɗauki maganar da muhimmanci. Hausarki ta Jidda ce, akwai Larabci a cikinta da ba ki ma san Larabci ba ne. Satin farko ki rage magana ki yawaita saurare. Ki je inda mata suke layi a asibiti ki zauna kusa da su, ki ji da wane suna suke kiran ciwo, da me suke auna ruwa, yaya suke faɗin lokaci. In da sallah suke faɗinsa, ki ce bayan azahar. Takarda ɗaya magana ɗaya, in maganganu uku ne ki yi takarda uku. In kin gama ki karanta da ƙarfi, duk inda numfashinki ya ƙare kafin jimla ta ƙare, ki raba ta biyu. Sannan ki karanta wa wadda ba ta san zancen ba. Kada ki ce mata "kin gane?" Kunya za ta sa ta ce ta gane. Ki ce, "In kin koma gida me za ki fara yi?" Amsarta ita ce makinki.

Za ki haɗu da irina a ofis, ba makawa. Wani babba zai dubi layukanki shida ya ce ba su yi kama da aikin mai digiri ba. Kada ki yi masa gardama, kada kuma ki ce "to, zan gyara" ki shiga ɗaki kamar yadda kika yi mini. Ki ce cikin ladabi a gwada duka biyun a wurin matan layi. Wataƙila ya yarda, wataƙila ya ƙi. In ya ƙi, ki sani ba lallai ne takardarki ce ta gaza ba, mai yiwuwa irin ciwona ne yake damunsa, sai ki tausaya masa ki riƙe hanyarki. Wata rana kuma wata za ta zo bayanki ta fi ki iyawa, ki ji ƙyashin nan ya taso miki. Zai taso, jinina ne a jikinki. In ya taso, ki yi sauri ki yabe ta a gaban mutane kafin zuciyarki ta samo miki hujja. Ni na tsaya jiran ya wuce, sai ya yi shekara ashirin yana zaune.

Ba zan ce miki na warke ba, don na gaji da yi miki ƙarya. Har yanzu da nake rubutun nan ina ƙyashinki. Ina ƙyashin kunnen da Allah Ya ba ki, wanda karatuna bai ba ni ba. Ina ƙyashin za ki farka ki ji Hausa ta taga, daga bakin mai ƙosai da mai ruwa, ni kuwa ina nan ina lallaɓa ta a aji ranar Asabar. Har matan da za su karanta takardunki ina ƙyashinsu, don su za su sami Ummin da ni na kora ɗaki. Amma yanzu na san sunan abin, kuma ba zan ƙara bari ya yi magana da bakina ba.

Ki yafe mini, uwata. Sunan mahaifiyata kike ɗauke da shi, kuma da tana raye da ta ja kunnena a kan abin da na yi miki. Kada ki amsa mini da "babu komai, Baba." Akwai komai. Ki rubuto mini abin da kika ji ranar nan, a fili, yadda kika iya, zan karanta har ƙarshe.

Sabuwar takardar kuma, in kin rubuta, kada ki turo mini in duba. Ban amince da idona a kanta ba tukuna. Ki karanta wa Gwaggonki tana tsakiyar aiki, ki ji me za ta ce za ta fara yi. In an buga an raba, sai ki turo mini kwafi ɗaya, in karanta kamar kowa.

Mamanki tana sa miki albarka. Allah Ya kiyaye fitarki da shigarki, Ya ba ki lafiya, Ya sa abin da za ki rubuta ya isa inda ake buƙatarsa a kan lokaci. Allah Ya yi miki albarka, Ya sake haɗa fuskokinmu cikin alheri.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinki